Mari Mai Sansanar Gumi

Ni ban yi boko ba, amma na san mari. Tun ina yarinya a Tafashiya na ga an sa ma wani maƙwabcinmu da kanshi ya taɓu, ƙarfe biyu a idon sawu, yana tafe yana jan su kacau-kacau har kajin unguwa suka daina gudunshi. Don haka ranar da na hango baƙin abu ɗaure a ƙafar ɗana ta cikin waya, babu mahalukin da ya isa ya ce mani agogo ne.

Ɗan farina ne. Tun da aka raɗa mashi suna ban taɓa faɗin shi ba, haka iyayenmu suka tashe mu. “Yaron nan” nake cewa, mutane kuma su ce “na Amurka”, don can ya tafi karatu ya samu aiki ya zauna, shi da matarshi, ’yar Kusada. Shi ya kai ni Makka. Shi ya gina mani ɗaki a gidan autata a Kankia bayan rasuwar mahaifinsu. In na je suna ko biki ba na kawo zancenshi da bakina, kunya ta hana. Sai dai in gyara mayafi in jira a tambaya. Ana tambaya kuwa, ni kuma in amsa a taƙaice, yadda kowa zai ji.

Duk Juma’a yake kira, mu la’asar, su hantsi. Autata ke riƙe mani wayar, don ni hannuna rawa yake. Ran nan yana zaune bisa darduma, ya jingina wayar a ƙasa, sai ya miƙe zai rufe ƙofa, wando ya ɗage.

Na ce, “Tsaya. Mi ke ga ƙafarka?”

“Ba komai, Inna.”

“Ba komai ne ke da girman sabulun wanki? Ɗage in gani.”

Ya zauna, ya shafa fuska, ya kalli gefe. Sannan ya faɗa mani. Abokan aikinshi sun yi walima, ya sha giya, ya hau mota zai koma gida. ’Yan sanda suka tare shi, suka ba shi wani bututu ya hura, bututun ya tona shi. Bai kaɗe kowa ba, Allah ya tsare. Alƙali ya ce ko gidan yari, ko ya sa wannan abu kwana casa’in.

Ya yi ta mani bayani kamar mai tallar kaya. Wai ba ya haɗe ƙafafu, yana zuwa aiki da shi. Duk rabin awa abin zai yi ɗan gurnani ya sansani gumin fatarshi, don abin da mutum ya sha sai ya fito ta fata ko da bai ji yana zufa ba. Abin da ya sansano sai ya aika ma wani ofis, su kuma su kai ma alƙali. In ka yanke maɗaurin ya sani. In ka cusa safa ko takarda tsakaninshi da fata ya sani, don ya san ɗumin jikin mutum. Ana wanka da shi a tsaye, amma ba a tsoma shi cikin ruwa.

Na ce, “Alwala fa?”

“Ina wanke ƙafata a hankali, Inna. Ban bar salla ba.”

“Ka dai bar kunya.”

Na ture wayar na tashi. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in dawo in sake share inda na share. In ɗora ruwan zafi in manta abin da zan yi da shi. In fita bakin titi in tsaya ina kallon motocin Kano da na Katsina suna wucewa, in bi kowane direba da ido ina cewa ko shi ma. Na ce ma autata in maganar nan ta ƙetare zauren gidan nan, ni da ita ne. Masu tambaya kuma na ce masu ciwon ƙafa yake fama da shi, sanyin ƙasar ne.

Yanzu zan faɗi abin da na ƙulla, don ba a yi mani asiri ba, da hankalina na yi. Niyya biyu gare ni. Ta farko, in yi tofi cikin wani abu in aika mashi, Allah ya cire mashi son abin daga rai. Wannan kowace uwa za ta yi. Ta biyu ita ce wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ban yarda ya daina ba. Na ga mashaya a rayuwata, na san rantsuwarsu. Na ce a raina, yau ko gobe zai koma, ƙarfen nan ya sansano, a kai shi gidan yari, labari ya iso Kankia. To abin da ke aiki da hanci, mi ke rufe mashi hanci? Turare. Haka muke yi ma ɗakin mai jego, haka muke yi ma tufafin da suka kwana cikin akwati.

Mai haɗa turaren da ya fi kowane ƙarfi a duk ƙasar Kusada kuwa ƙanwar mijina ce, gwaggon yarana, tana Bauranya inda na yi zaman aure. Tun ina amarya muke tsokanar juna, ba mu gaji ba. Na hau mota zuwa Kusada, na hau babur ya ƙarasa da ni, damina ce, gero ya rufe hanya har yana marin gwiwa.

Tana ganina ta ce, “A’a, matar Yaya! Hajiyar birni! Yau wace iska? Ko kin zo neman miji ne, don mu namu ya ƙare.”

Na ce, “Ko akwai saura ba ni so, na ɗanɗana na gidanku.”

Ta dama mani fura na sha. Na ce turaren ruwa nake so, na maza, wanda in an shafa ran Juma’a ake jin shi har Asabar. Na yaron nan ne, ƙafa ke damunshi, zan yi mashi tofi a ciki. Ta ce Allah sarki, ta ɗauko kwalba ta cika har wuya, ta ce in gaya mashi gwaggonshi na gaishe shi.

Kwana uku ina tofi cikin kwalbar nan bayan asuba. Wani mutumin Kusada da ke gari ɗaya da shi zai koma, na haɗa mashi da kuka da daddawa na ba shi. Autata ba ta san dalili ba. Ta ɗauka tsaraba ce.

Juma’ar da saƙo ya isa, na ce ya ɗauko kwalbar. Ya ɗauko yana murna, ya buɗe ya sansana, ya ce ƙamshin Bauranya. Na ce ya zuba a hannu ya shafe idon sawun, sama da ƙasan ƙarfen, ya tura har ƙarƙashi.

Murnar ta ɗauke. “Inna, an hana. Na sa hannu a takarda, ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba komai irin wannan kusa da shi.”

“Wa ya hana?”

“Kotu.”

“Kotu ta hana, uwarka ta sa. Sai ka zaɓa.”

“Don Allah, Inna, bari in shafa a riga. Ko a ƙirji.”

“Ciwon a ƙirji yake?”

Autata ta ce, “Inna, ki bar Yaya mana, shi ya san dokar ƙasar.” Na ce ta riƙe waya, shi aka sa ta. Ina jin muryar matarshi daga can ciki tana cewa don girman Allah kar ya yi. Wannan ya ƙara tunzura ni. Sai na ɗauko maganar da ban taɓa yi ma ɗa ba. Na ce, “Ka bi abokai ka sha abin da Allah ya haramta, ba ka ce an hana ba. Yau ni da na haife ka na ce ka shafa addu’ata, ita ce an hana? In har nonona ka sha, ka shafa ina gani.”

Ya daɗe yana kallona. Mutum mai furfura a gemu. Sannan ya karkata kwalbar, ya cika tafin hannu, ya shafa yadda na ce.

“Na shafa, Inna. Allah ya huci zuciyarki.”

Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ran Litinin waya ta yi ƙara da la’asar. Ba ranarshi ba ce, na miƙe tsaye tun kafin autata ta ɗauka. Ofishin nan sun kira shi. Ƙarfen ya aika cewa ran Juma’a ya ji giya mai yawa. An kai ma alƙali, an sa ranar zama, saura kwana goma sha biyu. In aka tabbatar sha ya yi, gidan yari ne, aiki kuma ya tafi.

Kun san abin da ya fara fita daga bakina? Na ce, “Ka sha?”

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce a hankali, “Inna, turarenki ne.”

Na ce turare da giya ina haɗinsu? Autata ta dafe kai ta ce ai masu haɗa turare suna zuba sifirit don ƙamshi ya tashi, sifirit kuwa da abin da ke bugarwa cikin giya uwarsu ɗaya. Ashe ni da na tafi toshe ma ƙarfe hanci, abin da yake nema na ɗura mashi a ciki.

Na fita tsakar gida na zagaya rijiya ban san sau nawa ba. Na dawo na ce a kira shi, na ce a kashe, na ce a sake kira.

Lauyarshi mace ce. Ta ce akwai hanya, amma ba ta yi alkawari ba. Wai ƙarfen ba cewa kawai yake ya ji ko bai ji ba, yana barin zane. Ta turo hoton, autata ta kwatanta mani da tsinke a ƙasa don idona bai gani a waya. Giyar da aka sha a hankali take hawa kamar tudu, ta daɗe, ta sauka a hankali, don sai jiki ya narka ta. Wadda ta zuba a fata kuwa tashi ɗaya take cillawa sama kamar kara a tsaye, ta faɗo da wuri. Na ce wannan ai na sani. Wadda ta yanka albasa tana wanke hannu ya tafi, wadda ta ci kuwa har gobe ana ji a jikinta. Namu kara ne a tsaye. Amma lauya ta ce wasu mashayan da gangan suke zuba turare don su ɓoye sha, alƙali kuma ya san da haka. Don haka za ta kai kwalbar a auna, tana kuma son takardar rantsuwa daga wadda ta haɗa turaren, da wadda ta tilasta aka shafa.

Autata ta ce, “Sai mun je wurin Gwaggo.”

Na ce, “A nemi wata hanya.”

“Babu, Inna.”

Gwaggonsu ba muguwa ba ce, amma bakinta kasuwa ne. Matan Bauranya da na ƙauyukan gefe duk a ɗakinta suke sayen humra, kowa ta tafi da kwalba da labari. Kwana biyu ina saka da warwara. Na yafa mayafi na kai tasha na dawo. Na sake fita na kai har cikin mota, da ta cika za ta tashi na ce a sauke ni na manta abu. Yaran mota suka ce Hajiya ta fasa auren. A rana ta uku na ƙirga, saura kwana tara, takarda kuma sai ta yi tafiya. Na shiga gaba kusa da direba don kar in samu hanyar fita.

Na tarar da mata uku a ɗakinta. Na zauna ina karkaɗa ƙafa har suka tafi.

Ta ce, “Matar Yaya, sau biyu a wata ɗaya? Ko turaren ya yi maki aiki kin samu bazawari?”

Na ce, “Mi kike zubawa a ciki?”

“Sirrin sana’ata zan ba ki? Ki je ki buɗe taki a Kankia?”

Sai na faɗa mata. Duka, tun daga bututun da aka hura har kwalbar da na sa aka karkata. Ina magana ina kallon tabarma. Na jira dariya.

Abin da ya fara cin ranta daban ne. Ta miƙe ta ce, “Turarena ne giya? Turaren da limamai ke shafawa su hau mumbari? Baturen da ya ƙera ƙarfen ƙarya yake!” Ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado, farin ruwa kamar na sha, ta ce daga kasuwar Kano ake kawo mata, kowa da shi yake haɗi, ba wanda ya taɓa buguwa. Na ce ba a ce an bugu ba, ƙarfen ne bai san bambanci ba sai an duba zane. Ta buɗe jarkar ta sansana, ta daɗe, ta rufe.

Sannan ta juyo. “Kin zo ɗakina, kin sha furata, kin yi mani ƙarya. Ɗan Yayana ne fa. Ni na goya shi lokacin da ke kike kunyar ɗaukarshi. Da kin faɗa mani gaskiya da na ba ki na mai, wanda babu sifirit.”

Ta ɗauko mayafinta ta ce, “Tashi, uwar girman kai. Ina ake rantsuwar?”

Washegari muka je kotu a Kankia mu uku. Ni da ban taɓa taka ƙofar ba. Mutane zaune bisa benci, na gane fuska biyar kafin in daina ƙirgawa. Magatakardan da ke karɓar rantsuwa na san uwarshi, tare muka yi aikin Hajji. Ya gaishe ni har ƙasa. Autata ta riga ta rubuta komai da Turanci, shi kuma ya ce doka ce ya karanta mani da Hausa in ji abin da zan dangwala ma hannu. Ya karanta, muryarshi kuwa Allah ya ba shi. Cewa ɗana na sanye da na’urar gane shan giya bisa umarnin kotu. Cewa ni na aika turare, ya ƙi shafawa, na tilasta shi.

Sai ya ɗago ya ce, “Hajiya, sunan ɗan naki?”

Autata ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. “Mai rantsuwa ke faɗi.”

Na ce, “Ba ga shi nan a takarda ba?”

“Yana nan. Amma daga bakinki zan ji.”

Gwaggonsu ta matso ta ce, “Ɗan fari ne, ɗana, ka yi mata sauƙi.” Ya ce ya sani, tashi uwar ma haka take, amma takardar nan ƙasar waje za ta, ba ya son a samu inda za a ce an yi wasa.

Shekara arba’in da wani abu sunan nan na cikin bakina ban bari ya fito ba. Na kalli takardar, baƙin rubutu da ban iya karantawa. Na tuna tafin hannunshi cike da turare. Na faɗa. Ya fito ƙasa-ƙasa, magatakarda ya ce bai ji ba. Na sake faɗi da ƙarfi, har da na ubanshi, yadda na bakin ƙofa ma suka ji. Ba zan maimaita shi a nan ba, sau biyun nan sun isa.

Aka shafa mani tawada a babban yatsa na dangwala. Gwaggonsu ta dangwala tata tana gaya ma magatakarda ya rubuta cewa turarenta ba na banza ba ne.

Kwanakin da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Na tsince wake buhu guda da ba wanda ya sa ni. Ranar zaman na hana autata zuwa ko’ina, na sa ta ajiye wayar bisa turmi muna gadinta tun hantsi, ko da ta ce can gari bai waye ba. Sai dab da magariba ya kira.

Alƙali ya duba zanen, ya duba sakamakon kwalba, ya karanta takardunmu. Ya yarda ba sha aka yi ba. Amma ya ce dokar da yaron nan ya sa ma hannu ya karya, uwa ko ba uwa ba, don haka ya ƙara mashi kwana talatin da ƙarfen. Ba gidan yari.

Na ce alhamdu lillahi, na zauna a ƙasa. Da na dawo hayyacina na tambayi abin da ke cina tun farko. Na ce sauran kwanakin fa, kafin turaren, mi zanen ya nuna? Ya ce a kwance yake, Inna, kamar faƙo, tun ranar farko. Lauya ma da shi ta fara.

Wato duk kwanakin da nake zagaya rijiya ina cewa zai koma, ƙarfen na can duk rabin awa yana shaidar bai koma ba. Ni kaɗai na sa shi ya yi ƙara.

Labari kam ya zaga, kafin sati har Tafashiya an ji. A wani suna wata ta gyara murya ta ce, “Hajiya, ya ƙafar na Amurka?” Na ce, “Giya ya sha, alƙali ya sa mashi mari, ya daina. Miƙo mani goron nan.” Ta miƙo mani.

Ranar da aka cire ya nuna mani wurin, fatar ta yi fari ta zagaye idon sawu kamar an cire munduwa. Yana shafawa yana dariya. Sai ya ce, “Inna, Gwaggo ta ce wai kin faɗi sunana a gaban mutane. Ni ban taɓa ji ba. Ɗan faɗa in ji mana.”

Na ce, “Nan kotu ce?”

“Sau ɗaya dai.”

Na ce ma autata, “Karɓi wayarki, yaron nan ya fara shirme.”